Aikin Da Yesu Ya Bar Wa Iyaye

Karatu: Markus 5:21-43, Luka 8:40-56



Kowa a cikinmu ya san labarin Yayirus. Shi babban mutum ne, ɗaya daga cikin shugabannin majami'a. 'Yarsa tilo, mai shekara 12, ta kwanta ciwo har ta kai bakin mutuwa. Uban ya ajiye girmansa, ya faɗi a gaban Yesu a tsakiyar taro, ya roƙe shi ya zo gida. Suna kan hanya sai aka tarye su da labari cewa yarinya ta riga ta cika. Yesu ya ƙarfafa zuciyar uban, suka ci gaba. Da suka isa suka iske gida cike da masu kuka. Ya fitar da su duka. Ya shiga ɗakin da mutum biyar kaɗai, watau Bitrus da Yakubu da Yohanna, da uban yarinyar da uwarta. Ya kama hannunta ya kira ta, ta kuwa tashi ta yi tafiya.

A nan yawancinmu mu kan rufe littafi mu ce Amin. Amma Markus bai ajiye alƙalaminsa a nan ba, haka kuma Luka likita. Dukansu biyu sun rubuta wani ɗan abu da ya biyo baya. Tun iyayen ba su gama mamaki ba, Yesu ya umurta a kawo wa yarinyar abin da za ta ci.

Ya mai karatu, ka tsaya ka yi tunani. Shi wanda ya ƙosar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, ya kasa tashe ta da cikinta a cike ne? Ko kaɗan. Ya yi musu abin da ya fi ƙarfinsu, ya bar musu abin da su ke iyawa. Ta da matattu aikinsa ne. Dafa abinci da zama kusa da yarinya har a ga ta ci, wannan aikin Yayirus ne da matarsa. Al'ajibin sau ɗaya aka yi shi. Abincin kuwa sai an maimaita shi gobe da jibi da gata, muddin rai. A kan wannan aiki na ko wace rana na ke so mu yi magana.

ABIN DA YA SAMI ƘASARMU

Ƙasar nan tamu ƙasar abinci ce tun kaka da kakanni. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta ƙare a Ƙauran Namoda, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga daga nan zuwa bakin teku. Fadamun Gagare da na Bunsuru sun ci da mutane da yawa. Kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis ta yi suna har ƙasar Nijar. Da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, kirarin da aka yi mata ma na noma ne.

Amma kun fi ni sanin abin da ya faru bayan haka. Shekara fiye da 10 'yan bindiga suka addabi karkara. Manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa, waɗansu ƙauyuka suka watse, mutanensu suka shigo gari da abin da su ke iya ɗauka a ka. A 2021 har an rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin hatsi ya yi sama.

Wanda ya fi shan wuyar wannan duka shi ne wanda ba shi da bakin faɗa. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, watau MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, suka auna yara ƙanana 97,149 a ƙasar Shinkafi da Zurmi. Suka iske 27 cikin ko wane 100 suna fama da tamowa, 5 cikin 100 kuwa tasu ta yi tsanani ƙwarai. Watau in ka ga yara huɗu suna wasa a ƙofar gida, ɗayansu jikinsa yana ƙarewa sabo da rashin isasshen abinci.

Mun gode wa Allah domin likitoci da ma'aikatan jinya waɗanda suka karɓi dubban irin yaran nan a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Su kan fara da madara ta musamman, sa'an nan su ba da abincin nan mai laushi na cikin 'yar leda. An ƙago shi a Faransa a 1996, da gyaɗa da garin madara da sukari da mai a ke yinsa. Dubi abin mamaki: gyaɗar da kakanninmu suka loda a jirgi, irinta ce ta komo mana a leda domin ceton jikokinsu. Da yardar Allah yaro ya kan farfaɗo, a sallame shi. To, daga nan fa? Daga nan an komo ɗakin Yayirus. An miƙa wa uba da uwa yaronsu da rai, sauran aikin yana hannunsu.

MU LEƘA WANI GIDA

Ban ce iyaye su ne suka kawo yunwar nan ba. Alhakin yana wuyan waɗanda suka hana noma, Allah kuwa ba ya mantuwa. Amma akwai wani abu da ke faruwa a gidajenmu ko a shekarar da rumbu ya ke cike. Bari mu leƙa wani gidan masu bi da magariba. Ba sai na faɗi sunan maigidan ba, gama irinsa suna da yawa.

Maigida ya taso daga aiki. Kafin ya iso gida ya ratse wurin mai shayi, an soya masa ƙwai da Indomie, ya kora da shayi mai madara. Daga can ya wuce gidan kallon ƙwallo. Ya bar kuɗin cefane da safe, sabo da haka zuciyarsa ba ta kāshe shi da kome ba.

A cikin gida uwargida ta sauke tuwo. Ta ɗebi malmala mai kyau da ɗan naman da ke cikin miya ta rufe wa maigida. Ta zuba wa yara biyar a kwano ɗaya ta tura musu, ta koma wanke-wanke. Manyan suna da dogon hannu da saurin haɗiya, zafin tuwo bai dame su ba. Autan, mai shekara biyu, yana jira tuwo ya huce. Kafin ya kai loma ta uku kwano ya koma fari. Ya lashi yatsa, ya yi ɗan kuka, barci ya kwashe shi. Uwar kuwa, ga ta da juna biyu, ƙanzon tukunya ta kankare ta ci a tsaye. Can dare ya yi nisa maigida ya shigo. Ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida, ga tuwonka." Ya ce, "Ajiye, na ƙoshi. Yara sun ci?" Ta ce, "Sun ci." Gaskiya ta faɗa gwargwadon saninta, gama ta ga kwano ba kome.

Babu mugu a gidan nan. Uban yana ƙaunar 'ya'yansa, uwar kuwa ba ta zauna ba tun asuba. Abin da ya ɓace shi ne ido. An dafa abincin da zai ishi kowa, amma ba wanda ya zauna ya ga yadda aka ci shi. Bayan wata uku gashin autan ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina wasa. Sai aka ce mayu ne, ko iska, ko haƙori ya ke fitarwa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

In ka bi Littafi Mai Tsarki a hankali za ka ga Allah ya kula ƙwarai da yadda iyali su ke cin abinci.

Na fari, Allah yana ƙidaya kawuna. Sa'ad da ya ba Isra'ilawa manna cikin jeji (Fitowa 16), ya sa ko wane mutum ya tara mudu ɗaya domin ko wane rai da ke cikin alfarwarsa. Bai ce mai ƙarfi ya ci ya bar wa raunana saura ba. Ko wace safiya kuma sai an fita an tara sabo. Haka nan a daren Idin Ƙetarewa (Fitowa 12), ɗan rago ɗaya ne domin gida ɗaya, a lissafta shi bisa ga abin da kowa zai ci. In gidan ya yi kaɗan, su haɗu da maƙwabci. A wurin cin nan ne kuma Musa ya ce yara za su yi tambaya, iyaye su ba su labarin ceton Allah.

Na biyu, a kan jira ƙarami. Da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse a Baitalami (1 Sama'ila 16), aka jera masa 'ya'ya bakwai. Ba wanda ya tuna da autan da ke kiwo a jeji. Sama'ila ya ƙi zama sai an kirawo shi. Wannan yaro da aka manta shi ne Dawuda, wanda Allah ya zaɓa. Wa ya san abin da Allah ya nufa da autan gidanka?

Na uku, cin abinci na kowa-tasa-ta-fisshe-shi abin tsautawa ne. Bulus ya ji labari cewa a ekklesiyar Korinti, in an taru, kowa ya kan yi gaggawar cinye nasa, wani ya tashi da yunwa wani kuwa ya sha har ya bugu (1 Korintiyawa 11). Ya tsauta musu da zafi, ya umurce su su riƙa jiran juna. In wannan abin kunya ne cikin ekklesiya, yaya ya ke a cikin gida, tsakanin uba da 'ya'yan cikinsa? Hausawa ma sun ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Na huɗu, Ubangiji ya kan bayyana kansa a wurin cin abinci. Almajiran nan biyu na hanyar Imwasu sun yi doguwar tafiya da shi ba su gane shi ba, sai da suka zauna ya gutsuttsura gurasa (Luka 24). A bakin tekun Galili shi da kansa ya hura wuta ya gasa kifi. Sai da Bitrus ya ci, sa'an nan Yesu ya taɓo maganar da ke tsakaninsu, ya komo da shi bakin aiki (Yohanna 21). Akwai maganar da ba ta faɗuwa a tsaye. Yaron da ya ke ɓoye damuwa, ko yarinyar da wani ya fara ruɗinta a hanyar makaranta, a bakin akushi a kan ga alama a fuskarsu.

UZURAN DA MU KAN KAWO

Wani zai ce, "Wannan al'adar Turawa ce. A wurinmu namiji ba ya ci da mata da yara." Gaskiya ne mun tashi mun iske maza suna ci a zaure, mata a cikin gida, yara da kwanonsu. Kunya kuwa abu ne mai kyau, ba na so ta ƙare a cikinmu. Amma Yayirus ba Bature ba ne. Shi ma mutum ne mai girma a garinsu, duk da haka Yesu ya shigar da shi ɗaki tare da matarsa, ya ɗora musu aikin su biyu. Ba lalle ne a sa hannu cikin akushi ɗaya ba. Maigida ya ci a nasa, uwargida a nata, amma a shimfiɗa tabarma wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, inda kowa ya ke ganin kowa. Kunyar da za ta hana uba sanin ko ɗansa ya ƙoshi ta wuce wurinta.

Wani kuma zai ce, "To, ciyayya fa? In bar maƙwabtana?" Kada ka bari. Ciyayya, inda magidanta su ke fito da tuwonsu ƙofar gida su ci tare, tana cikin kyawawan abubuwan ƙasar Hausa. Ta kan rufa asirin wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba, ta kan ci da baƙo. Mu da mu ke kaɗan a tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi, zama da su a kan tabarma shaida ce mai kyau. Amma an ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ka fara zama da iyalinka, ko na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan ka fita da akushinka. In ba ya yiwuwa da dare, ka mai da karin kumallo ya zama na iyali.

Wani zai ce, "Malam, kana maganar cin abinci tare, mu kuwa abincin ne babu." Ɗan'uwana, na ji ka, ba kuwa zan yi maka wa'azin ƙoshi ba. Amma ka lura, sa'ad da abinci ya yi kaɗan, a sa'an nan ne rabo ya fi bukatar ido. In tuwo ya yi yawa, ko an yi wawaso ƙarami zai sami saura. In malmala uku ce domin mutum bakwai, sai uba da uwa sun zauna sun raba da adalci. Gwauruwar Zarefat da ɗanta ba su da kome sai tafin gari da ɗan mai, duk da haka tare suka ci da annabi Iliya har yunwa ta wuce (1 Sarakuna 17). Sulemanu kuma ya nuna a Misalai 15:17 cewa cin ganye a gidan da a ke ƙaunar juna ya fi naman kiwataccen sa a gidan gaba. Kuɗin da a ke kashewa wurin mai shayi da mai tsire domin baki ɗaya, in an kawo shi gida ya sayi wake ko ƙuli-ƙulin da zai gyara miyar mutum bakwai.

Na ƙarshe zai ce, "Ba ni da lokaci. Ga kasuwa, ga aiki, ga taron dattawa, ga koyon waƙa." Yayirus ma shugaban majami'a ne. Bulus ya gaya wa Timotawus cewa wanda bai iya riƙon gidansa ba, ba zai iya riƙon ekklesiyar Allah ba (1 Timotawus 3), ya kuma ce mai ƙin kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiya (1 Timotawus 5:8). Taron da ya ke raba uba da 'ya'yansa dare bakwai a mako, a sāke masa lokaci.

ME ZA A SA A CIKIN AKUSHI?

Cika ciki dabam, ciyar da jiki dabam. Abinci iri uku ne jiki ya ke bukata, dukansu kuwa Allah ya sa su a ƙasarmu.

Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, dankali, rogo, da mai. Daga nan mu ke samun tuwo da fura da hoce da kunu.

Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, waken suya, daddawa, nono, ƙwai, busasshen kifi, fara, da nama in ya samu. Wannan shi ne yaro mai girma da mace mai ciki ko mai goyo su ke bukata fiye da kowa, shi ne kuwa a kan tara a kwanon maigida.

Akwai mai tsare jiki daga cuta: zogale, kuka, rama, yakuwa, tafasa, alayyahu, kabewa, manja, gwanda, mangwaro. In za a shanya zogale ko kuka, a shanya a inuwa, gama rana ta kan rage amfaninsu.

Uwargida, ki yi ƙoƙari ko wace rana iri ukun nan su haɗu. Tuwon dawa da miyar kuka wadda aka daka wa ƙuli-ƙuli ko ɗan kifi ya cika sharaɗi. Haka dambu da zogale da gyaɗa, haka fate da wake da rama. A zubar da gyaɗar da ta yi fumfuna, gama tana da dafi mai ɓata hanta. A rage gishiri da magi sabo da hawan jini. Daniyel da abokansa kwana 10 suka yi a kan ganyaye da ruwa, suka fi masu cin abincin sarki kyaun gani (Daniyel 1).

Game da ƙanana, ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke koyarwa. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa, gama nonon yana da ruwan da jariri ya ke bukata. Daga wata 6 a fara ba shi abinci mai laushi sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9 a kai sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, a ci gaba da ba shi mama har shekara 2. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya, sabo da haka tsinkakken koko ba ya riƙe shi. A dama masa kunu mai kauri. Ga wani gari da ma'aikatan lafiya su ke koya wa mata: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya ko wanne, a surfe waken, a niƙa su tare.

Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne wannan: ƙaramin yaro ya zauna cikin iyali, amma da 'yar tasarsa shi kaɗai, kusa da uwa ko uba. Da haka za a san iyakar abin da ya ci. In ya ƙi ci kwana biyu, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko damtsensa ya rame, a kai shi asibiti nan da nan. In an ba shi abincin tamowa na leda, magani ne nasa shi kaɗai. Kada a raba wa 'yan'uwansa, kada kuma a kai kasuwa.

YADDA ZA A FARA

1. Maigida da uwargida su zauna su yanke lokaci ɗaya a yini wanda ba a taɓawa. A kwanakin da a ke rufe ƙofa da wuri, kafin duhu ya fi.

2. Kowa ya sa hannu. Wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya shimfiɗa tabarma, 'yan maza ma su ɗauko kwanuka. Uwargida kada ta ci a tsaye.

3. A wanke hannu da sabulu, in babu a yi da toka. A zuba wa kowa ruwa da buta, kada a tsoma hannu goma cikin ƙwarya ɗaya. Zawo ya kan kwashe abin da yaro ya ci.

4. A ƙidaya kawuna. In wani ba ya nan, a san inda ya ke, a ajiye masa rabonsa.

5. A yi godiya ga Allah, gajeriya, kada tuwo ya huce. Yau uba, gobe uwa, jibi ɗaya daga cikin yara.

6. A ajiye waya, a kashe rediyo. A bar faɗa da horo sai wani lokaci. Yaron da a ke zagi a bakin akushi ba ya ƙoshi.

7. In an gama, a karanta aya biyu ko uku, a tambayi yara abin da suka gani yau. Ga sujadar iyali ta samu ba tare da an buga ƙararrawa ba.

Mako na fari zai yi nauyi. Za a yi shiru, yara za su riƙa satar kallon Baba. Kada ku fasa. In an tsallake rana ɗaya, a koma washegari. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

TABARMAR DA TA RAGU

Na sani akwai masu karanta wannan da hawaye, gama a gidansu akwai wurin da ba mai zama. An kashe maigida a gona, ko an tafi da ɗa jeji har yanzu ba labari. Akwai kuma waɗanda su ke kwana a kangon wani, ba su da ko murhu. 'Yan'uwa, waɗannan rabonmu ne. Masu bi na fari a Urushalima gida gida su ke cin abinci tare da farin ciki (Ayyukan Manzanni 2), da aka fara manta waɗansu gwauraye wajen rabo kuwa, manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 domin wannan aiki kaɗai (Ayyukan Manzanni 6). Dattawa su san gidan da ba a hura wuta ba. Zumuntar mata su koya wa juna haɗa garin kunu, su riƙa duban damtsen yaran da a ke goyo zuwa sujada. Ko wane gida da ke da hali ya ƙara tafin gari ɗaya a tukunya domin maraya ko ɗan gudun hijira, ba tare da tambayar addininsa ba.

Markus bai gaya mana abin da matar Yayirus ta kawo a ranan nan ba. Watakila gurasar jiya ce da ɗan kifi. Amma na tabbata uban bai fita zaure ba. Ya zauna yana duban ko wace loma da 'yarsa ta kai baki, yana yi wa Allah godiya. Sai da ya rasa ta ya san darajar ganinta tana ci. Kai fa, ɗan'uwana, sai ka kai ga haka? 'Ya'yanka suna da rai yau. Wannan ma al'ajibi ne, daga hannun Ubangiji ɗaya.

Shi wannan Yesu ya ba da jikinsa da jininsa domin mu rayu, ya kuma bar mana tunawa da shi a cikin ci da sha. A Ru'ya ta Yohanna 3:20 ya nuna kansa kamar baƙo a bakin ƙofa, yana so a buɗe masa ya shiga a ci tare. In ya shigo gidanka da magaribar yau, wa zai iske a kan tabarma?

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ran 'ya'yanmu da abincin da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka ƙoshi ba mu duba na kusa da mu ba. Ka komo da salama a ƙasar Zamfara, manoma su koma gonakinsu, waɗanda aka kama su komo gida. Ka ƙarfafa masu jinyar yara. Ka tara ko wane gida namu wuri ɗaya ko wace rana, kai kuma ka zauna a tsakiyarmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.